Akwatin da Aka Ce Ya Karkata

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Innarki tana gaishe ki. Ta ce a faɗa miki ƙafar ta yi sauƙi, ni kuma na ƙara da cewa bakinta kam bai taɓa ciwo ba.

Akwai wata magana da nake ji tun ina matashi a gidan rediyon nan da kike aiki yanzu, ban taɓa yarda da ita ba. Wai maigidanmu Baba Reza, wanda ya koya mini yankan tef da liƙa shi, ya yi shekarunsa na ƙarshe a wurin aiki da kunne ɗaya da rabi, kuma duk gidan an sani sai shi. Na fara ji a bakin direba. Na ji a bakin mai karanta labarai. Kowa zai faɗa sai ya waiga ya rage murya, alhali in maganar gaskiya ce ai ba sai an rage murya ba. Na ɗauke ta hassada kawai. Yanzu da kuka aiko mini tsofaffin faifan gidan in gyara, har da nasa a ciki, na samu abin da ya wanke shi tas. Zan zo kan wannan.

Akwatin da mijinki ya sayar wa ofishinku ya iso. Da direbanku ya miƙo shi na zaci ya bar babban a mota, don wannan bai fi sabulun wanki biyu ba. Na karanta bayanin da ya haɗo. Aiki biyu yake yi, ya karɓi sauti daga kwamfuta a lambobi ya mayar da shi abin da kunne zai ji, wannan shi ne DAC ɗin da mijinki ke yawan ambata kamar sunan ɗansa, sannan ya ba shi ƙarfi ya tura cikin hedifon. A zamaninmu waɗannan ayyuka biyu sai an ba su tebur guda da fanka.

Kin san hedifon ɗina. Ya girme ki, om ɗari shida ne, wato mai cin wuta sosai, ba kowace na'ura ke iya ɗaga shi ba. Na taɓa soka shi kai tsaye a ramin kwamfuta, sai na ji makaɗan kamar a gidan maƙwabta suke, an kuma rufe ƙofa. To ba zan ci amanar akwatin nan ba, ya ɗaga shi. Da na tura ɗan maɓallin baya zuwa babban ƙarfi, ganga ta yi ciki, sarewa ta daina tsinke, har numfashin mawaƙi nake ji kafin ya ɗauki baiti. Huci na tef ya koma gefe shi kaɗai, bai cakuɗa da murya ba, wanda shi ne abin da mai gyara ke so.

Aibinsa ɗaya, amma babba. Ya karkata dama. Muryar da ya kamata ta zauna a tsakiyar kai sai ta matsa ta tsaya bayan idon dama. Kusan duk faifan haka suke fitowa, dole sai na ƙara wa hagu ƙarfi kafin su zauna. Waɗanda Baba Reza ya ɗauka da hannunsa a ƙarshen aikinsa ne kaɗai na samu daidai, ko gashi ban taɓa musu ba. Kin ga aikin gwani, ko a kan gurguwar na'ura tsaye yake. Mai kunne ɗaya da rabi zai yi wannan?

Ga kashin farko na ba direba. Kada ki kira ni, kin san ni da waya ba ma shiri. Ki rubuto.

Ki gaishe da mijinki, ki ce masa akwatinsa jarumi ne mai ɗingishi. Allah ya yi miki albarka.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaishe da Inna. Yara suna tambayar yaushe za ka zo.

Kashin farko ya iso. Darakta ya saurara a babban situdiyo, ina tsaye a bayansa. Bai kai ƙarshen faifai na biyu ba ya juyo ya ce, “Wa ya kwashe mutanen nan ya tara su a hagu?” Ya sa na uku, ya sa na huɗu, duk haka. Sai ya ce, “Ke kika ce kawunki ya fi duk yaran nan kunne. Na hana aikin mutum uku na ba shi.”

Ban san lokacin da na ce masa akwatin ne ba. Na ce kai da kanka ka yi ƙorafi a kansa. Ya ce to wanda ya kawo akwatin ya zo ya yi bayani, kuma ya san mijina ne, bai ma ɓoye murmushinsa ba.

Asalin faifan suna nan a ajiye, ba a yi asarar komai ba sai lokaci. Amma ya ce ba zai saki kashi na biyu ba sai an san inda matsalar take. In akwatin ne, a canza shi ka ci gaba. In ba shi ba ne, zai ba wani aikin. Haka ya faɗa, ban rage ba ban ƙara ba.

Don Allah ka ba direba akwatin da hedifon ɗin su taho tare, a duba. Kafin ka ba shi kuma, ina roƙon abu ɗaya. Ka sa muryar mutum ɗaya mai magana, ka saurara, sannan ka juya hedifon ɗin, na dama ya koma kunnen hagu, ka sake saurara. Ka faɗa mini ko raunin ya bi hedifon ɗin ya koma dama.

Ka huta lafiya.

'Yarka

*

Uwata,

Gaisuwa mai yawa. Na ga takardarki, na karanta ta sau biyu, na biyun da tabarau.

Wannan dabarar juya hedifon, wa ya koya miki? In kin manta, ni ne, ranar da kika fara zuwa situdiyo kina tsoron taɓa maɓalli. Na san abin da ake nema da ita. Ba akwati ake gwadawa da ita ba, mutum ake gwadawa. Ban juya ba. Hedifon ba hula ba ce.

Kuma ina da shaida, ba taurin kai ba ne kawai. Na kira innarki na ɗora mata shi a ka, na mayar da abin murɗa sauti can ƙasa, na fara ɗagawa a hankali. Na ce ta ɗaga hannun gefen da ta fara ji. Ta ɗaga dama. Na sake, ta sake ɗaga dama. Ta ce in cire mata wannan tukunya kafin wuyanta ya karye. Innarki ba ta san DAC ba, ba ta san Darakta ba, ba ta kuma taɓa goyon bayana a kan komai ba tun da aka kawo ta gidan nan. In ita ta ce dama ce ke riga fitowa, to dama ce.

Daraktanku kuwa, na san shi yana ɗauko mana wayar lantarki daga sito. Yaro ne mai hankali, amma yana saurare yana duba agogo.

Ga akwatin, ga hedifon, na naɗe shi a tawul. Ki ce wa mijinki kada ya ja wayar daga gindi, ni na liƙa ta da hannuna. Teburin ya yi fili yanzu. Innarki har ta fara auna shi da ido, tana neman inda za ta ajiye kwanukanta.

Allah ya tsare.

Kawunki

*

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan Baba da Inna suna cikin ƙoshin lafiya. Ina neman afuwa da na rubuto kai tsaye, maiɗakina ce ta ce bayanin na'ura gara ya fito daga hannuna.

Na karɓi kayan lafiya, ban ja wayar ba. Liƙin da Baba ya yi ma na duba shi, ya fi na kamfani tsafta.

Na fara da abin da Baba ya gani, kuma gaskiya ne. In abin murɗawar yana can ƙasa, dama tana riga hagu fitowa. Inna ba ta yi kuskure ba. Irin wannan abin murɗawa haka halinsa yake a farkon tafiyarsa. Sai dai da an ɗan ɗaga shi, bambancin yana ɓacewa. Na sa mita a kan gefen biyu, na bi shi daga ƙasa har sama, kafin ya kai kwata sun daidaita, suka tafi tare har ƙarshe.

Na gwada shi da hedifon ɗin Baba, na gwada da wani na shago mai cin wuta fiye da shi. A ƙaramin ƙarfi na Baba yana jin yunwa, ganga ba ta cika. A babban ƙarfi kuwa akwatin yana riƙe shi ba tare da murya ta fashe ba, ko a wurin da makaɗa suka taso gaba ɗaya. Na bar shi a kunne tun safe har aka tashi kasuwa, ya yi ɗumi kawai, bai canza ba. Hedifon ɗin ma na auna kowane gefe shi kaɗai. Fatar kunnen hagu ta ɗan lotse, na canza duka biyun, amma ƙarfinsu ɗaya.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Na ga ɗan farin tef da Baba ya manna a jikin akwatin don alamar inda yake saurare. Na murɗa zuwa wurin, na sa a kaina, ban iya jurewa ba sai da na cire. Wataƙila kunnena ne bai saba ba. Amma ina roƙon Baba ya rage, ko don ni.

Baba, ni mai gyaran kaya ne, abin da mita ta nuna shi na rubuta. Sai dai mita ba ta zuwa ofishin Darakta, ni zan je. Na yanke shawara zan ce masa akwatin yana da matsala, na kuma canza shi da wani. Ba ƙarya ce gaba ɗaya ba, tunda akwai wancan na ƙasa. Sai a riƙa kawo mini abin da Baba ya gama, in daidaita hagu da dama a shago kafin ya isa wurinsu. Ba wanda zai sani. Tsaftace huci da ɗinke inda tef ya tsinke, wannan babu mai yi kamar Baba, kuma shi ne ainihin aikin.

Ga kayan na mayar. Ban cire farin tef ɗin ba, ba hurumina ba ne.

Ina neman addu'ar Baba.

Ɗanka, mai shago

*

Kawu,

Gaisuwa. Zan yi magana ba tare da kwana ba, in na yi rashin kunya ka yafe mini.

Sai da direba ya tafi na san abin da mijina ya rubuta maka. Mun yi faɗa a kai, irin wanda yara suka fita tsakar gida. Bayan takardata ta farko, Darakta ya faɗa a gaban kowa cewa in akwatin ne, zai cire shagon daga masu kawo wa gidan kaya, kuma ka san gidan rediyon ne rabin cinikinsa. Na ce wa mijina, “Za ka ɗora wa kanka laifin da mitarka ta ce babu?” Ya ce, “To in je in ce wa Baba me? Ke kin iya?” Na ce ban iya ba. Ya ce to a bar shi.

Amma na zauna na ga dole in iya.

Kawu, da can da hagu kake riƙe waya, don ka bar dama ta rubuta. Zuwanmu na ƙarshe na ga ka riƙe da dama, ka rasa hannun biro, ka ce wa mai kiran ya turo a rubuce. Daga nan ka ce kai da waya ba kwa shiri. Na kuma ga Inna ta ɗauke kujerarta daga inda take zama tun ina yarinya ta dawo da ita damanka. Na tambaye ta, ta ce iska ta fi a can. Babu taga a can, Kawu.

Sannan faifan Baba Reza. Ka ce su kaɗai ka samu daidai, ba ka taɓa su ba. Na ɗauko asalinsu daga ma'ajiya na saurara a situdiyo ni kaɗai, na kalli allurar mita. Na farkon aikinsa a tsakiya suke cif. Na ƙarshen kuwa sun jingina hagu, kowace shekara ta fi ta baya. Na jera su da waɗanda ka gyara. In ban duba suna ba, ba na iya raba naka da nasa.

Ban faɗa wa Darakta ba. Ban faɗa wa mijina ba. Kai ka koya mini cewa in sauti ya karkata, a fara gwada abin da ya fi arha kafin a zargi abin da ya fi tsada. Juya hedifon ba ya cin ko sisi.

Za su zauna da Darakta farkon mako. Ba zan hana mijina shiga ba, don ba zai hanu ba. Kai kaɗai zai saurara.

Ban daina ganin girmanka ba, ko kaɗan.

'Yarka

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Direba ya dawo hannu wofi. Ya ce ya tarar da kai a kan tebur, akwatin a gabanka a kashe, ka karɓi takardar ka ce ya gaishe mu. Ya ce Inna ta raka shi har ƙofa.

Mijina ya goge rigar da zai sa gobe. Ya rubuta abin da zai faɗa yana ta maimaitawa, don bai iya ƙarya ba, sai ya haddace.

Direba zai sake biyowa ta wajenku da sassafe. Ko layi ɗaya ne.

'Yarka

*

Uwata,

Gaisuwa da sa albarka. Ki ce wa mijinki ya cire rigar nan ya koma shago. Na tsaida direba a ƙofa, yana ta danna ham, innarki ta ce mini tun ɗazu yake dannawa.

Na juya. Bayan na karya kumallo na kunna akwatin, na sa muryar mai karanta labaran nan, na mayar da abin murɗawar tsakiya, nesa da farin tef ɗina. Na ji shi a bayan idon dama. Na cire hedifon, na juya shi, na mayar. Na daɗe ban danna maɓallin kunnawa ba. Da na danna, mutumin yana nan inda na bar shi, bayan idon dama, ko gezau.

Na kira innarki na ce, “Tun yaushe?” Ta ce, “Tun kafin bikin autarmu.” Na ce me ya hana ta faɗa. Ta ce, “Na faɗa. Ta hagu na faɗa.”

To akwatin lafiyarsa ƙalau. Ki rubuta haka a duk inda ake rubutawa: ya ɗaga hedifon ɗin da ya gagari manyansa, ya kuma faɗi gaskiya a gidan da kowa ke jin nauyin faɗa. Na ɓare farin tef ɗin. Mijinki mutumin kirki ne, amma ki ce masa kada ya sake yi mini irin wannan kirkin.

Ga wata takarda a rufe, ta Darakta ce, ki miƙa masa kafin su zauna. Na faɗa masa kashin farko ni na karkatar da shi, ba na'ura ba. Na ce in yana so zan ci gaba da cire huci da ɗinke tsinkakken tef, ke ki riƙe hagu da dama a kan mita. In ba ya so, ya ba yaran, kujerar tasa ce. Ban roƙe shi ba. Innarki ta ce akwai likitan kunne a babban asibiti, wai ta san ranar da yake zama. Ashe ta daɗe da sani.

Faifan Baba Reza na ƙarshe kuwa, ki daidaita su don masu saurare, amma ki bar mini kwafi ɗaya yadda suke. Su kaɗai suka rage da nake ji a tsakiyar kaina.

Maganar nan da na ce miki ban taɓa yarda da ita ba, na ji ta a bakin direba, na ji a bakin mai karanta labarai, na ji a rubutunki. Kafin in ɗauki biro na sake sa faifansa na ƙarshe, na zauna na saurara har ya ƙare. Wanda ya faɗa mini a ƙarshe Baba Reza ne da kansa.

Ki gaishe da yara. In kun zo, ku zauna ta dama.

Kawunki